Kalmar da aka haifa guba, da waɗanda suka zama guba daga baya

Duk wanda ya taɓa jiran mota ta cika a tasha ya san muryar mai tallar maganin ɓera. Yana tafe da faranti a ka, ko 'yar lasifika a hannu, yana cewa, "Ga maganin ɓera, ga na kyankyaso, ga na kuɗin cizo!" Ban taɓa ganin wanda ya tare shi ya ce, "Malam, ai wannan ba magani ba ne, guba ce." Kowa ya gane. Kalma ɗaya, magani, da ita muke kiran abin da likita ya rubuta wa mai zazzaɓi, da ita muke kiran ƙullin da ake ba mai neman farin jini, da ita kuma muke kiran garin da ake barbaɗawa a bayan buhun masara don ɓera ya ci ya mutu.

Mutanen Rum na dā sun yi fama da irin wannan kalma. Wani masanin shari'arsu mai suna Gayus, wanda ya rayu a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa duk wanda ya ambaci venenum to wajibi ne ya ƙara bayani ko mai kyau yake nufi ko mugu, domin magunguna ma venenum ne. Maganarsa ta tsira ne saboda an shigar da ita cikin babban kundin shari'a da Sarki Jastiniyan ya sa aka harhaɗa a shekarar 533. Ke nan idan aka ce "kalmar guba ta Latin", tambayar farko ita ce: wacce daga ciki? Domin aƙalla huɗu ne suka bar zuriya a harsunan duniya, wato venenum da potio da toxicum da virus. Abin da ya ja hankalina a tarihinsu shi ne, ukun farko ba a haife su da ma'anar guba ba, daga baya suka same ta. Ta huɗun kuwa, wadda ita ce guba tun daga tushe, ita ce a yau ta bar gidan gaba ɗaya ta koma sunan wani abu dabam.

Bari mu fara da venenum, tunda ita Rumawa suka fi ambata. Masana asalin kalmomi sun danganta ta da venus, kalmar da tun kafin ta zama sunan gunkiyar soyayya ta Rumawa take nufin sha'awa da ƙauna da jan hankali. Wato ma'anar venenum ta farko ita ce abin da ake haɗawa a ba mutum don zuciyarsa ta karkata, irin wanda mu za mu kira maganin mallaka. Daga nan ta faɗaɗa ta rufe duk wani haɗi mai ƙarfi da ke sauya halin abin da ya taɓa. Har rini ta shiga: mawaƙi Bajil ya kira rinin da ake turar farin ulu da shi venenum. Tauraruwar nan da muke kira Zara matar wata, sunan wannan gunkiya take ɗauke da shi a harsunan Turai, haka ma ranar Juma'a a Faransanci, vendredi. Ɗalibin da ke rubuta kwanan wata a allo a Maraɗi ko Damagaram ranar Juma'a, yana rubuta 'yar'uwar kalmar guba ne ba tare da ya sani ba.

To ta yaya maganin soyayya ya zama abin kisa? Amsar tana cikin yadda ake ba da shi. A ɓoye ake ba da shi, cikin abinci ko abin sha, kuma hannun na gida ne ke miƙa shi. Wanda ya ci bai san ya ci ba. Idan ya haukace ko ya mutu, babu mai iya rabe ko an so mallakarsa ne aka zarce, ko kuwa da ma kashe shi aka yi niyya. Shi ya sa a Latin kalmar veneficium take nufin sa guba, take kuma nufin sihiri, babu katanga a tsakani. A shekara ta 81 kafin haihuwar Annabi Isa, shugaba Sulla ya kafa doka a kan masu kisa da wuƙa da masu venenum, wadda ta hukunta mai haɗawa da mai sayarwa da mai ajiyewa da niyyar kisa.

Akwai wani labari da masanin tarihi Libi ya kawo wanda nake ganin ya fi kowane bayani nuna yadda abin yake. A shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, manyan mutanen birnin Rum suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya da ciwo iri guda. Sai wata baiwa ta je wurin hukuma ta ce ta san dalili, in za a ba ta aminci. Ta kai su gidajen da aka tarar da matan manya suna dafa wasu haɗe-haɗe. Aka kwaso tukwanen zuwa dandalin gari, aka kira mata kusan 20. Biyu daga cikinsu suka dage cewa magunguna ne na lafiya. Baiwar ta ce to su sha a gani. Suka keɓe suka yi shawara da sauran, suka sha, suka mutu gaba ɗaya. Daga baya aka yanke wa mata kusan 170 hukunci. Shi kansa Libi ya nuna cewa ba duk marubuta suka yarda da labarin ba, kuma ya so a ce annoba ce kawai ta kashe mutanen. Ni abin da ke damuna a labarin shi ne, mai yiwuwa matan nan gaskiya suka faɗa. Mai yiwuwa annoba ce ta shigo gari, su kuma suna dafa abin da suke zaton zai tsare mazajensu. A harshen da magani da guba suke da suna ɗaya, da wace kalma mace za ta kare kanta?

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sha'ani. Kalmarmu ta sammu, masana harshe suna mayar da ita ga samm ta Larabci, wadda ke nufin guba tsantsa. Amma idan Bahaushe ya ce an yi wa wane sammu, ba lallai yana nufin an zuba masa wani abu a kunu ba, asiri yake nufi. Wato hanyar da venenum ta bi daga sihiri zuwa guba, ita sammu ta bi daga guba zuwa sihiri. Ba aro aka yi tsakanin Rum da ƙasar Hausa ba. Tsoro ɗaya ne ya haifi tafiyar biyu, tsoron cutar da ke zuwa daga hannun da ba a gani.

Da daular Rum ta watse, Latin ɗin bakin talakawa ya rarrabu ya zama harsuna, kowanne ya tafi da kasonsa na venenum. Sifaniyanci da harshen Fotugal suka riƙe ta kusan yadda take, veneno. Italiyawa suka ji nauyin "n" biyu a jere, suka mayar da ta farko "l", suka ce veleno. Faransanci ya taƙaita ta zuwa venin, tsohon Faransanci kuwa venim yake cewa, kuma wannan tsohuwar sigar ce ta haye teku bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, ta zama venom a Ingilishi. Sai dai a Faransanci da Ingilishi ma'anarta ta tsuke, ta koma dafin maciji da kunama da makamantansu kawai.

Wannan bambanci mun daɗe da shi. Na taɓa zama da wani tsohon maharbi a ƙauyen kakannina, yana gyaran kwarinsa a gindin bishiya, ya jera kibau a kan buzu, bakin kowace ya yi baƙi ƙirin da abin da aka shafa. Na kai hannu, ya buge shi. Na ce, "Baba, guba ce a jiki?" Ya ce, "Dafi ne, yaro. Guba ta baki take bi, shi dafi sai ya sami jini." Shekaru bayan haka na tarar mawaƙin Rum Lukan ya sa irin wannan magana a bakin jarumi Kato, lokacin da rundunarsa ta iso wata rijiya cike da macizai a hamadar Libiya, sojoji suka ƙi sha, shi kuwa ya ce musu dafin maciji a cizo yake, ba a ƙoƙon ruwa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba abin gwadawa ba ce, domin ɗan rauni a baki ko a ciki ya isa ya buɗe wa dafi ƙofa. Faransanci ya raba siffofi biyu daga tushen nan guda: vénéneux ga tsiron da ke kisa in an ci, venimeux ga dabbar da ke sara ko harbi. Guba da dafi ke nan, ba ragi ba ƙari. Daga venin ɗin ne kuma aka sami antivenin, sunan allurar saran maciji, wadda likitan Faransa Albert Calmette ya fara haɗawa a tsakiyar shekarun 1890, irin wadda manoman da kububuwa ta sara suke zuwa nema a Kaltungo har gobe.

Da venin ta koma ta macizai, sai gurbin guba ya zama babu kowa, wata kalma ta shige. Potio a Latin ba ta nufin kome sai abin sha, daga aikatau mai ma'anar "sha". A hankali ta zama abin sha na magani, daga nan abin sha na asiri, daga ƙarshe abin shan da ba a tashi bayansa. Ita ce poison ta Faransanci da Ingilishi. Malamai kuma suka sake ɗauko kalmar kai tsaye daga littafi da sigar potion, don haɗin magani na sha. Uwa ɗaya, 'ya'ya biyu, ɗaya ta tashi a bakin mutanen kasuwa, ɗaya a hannun masu alƙalami. Jamusanci ya yi abin da ya fi wannan: kalmarsa ta guba ita ce Gift, wato abin da aka bayar, kyauta. Tsohuwar ma'anar ta saura a Mitgift, kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji. A nan ana ganin aikin sakaya zance. Mutum ba ya son kiran mugun abu da sunansa, sai ya ce "an ba shi ya sha", kamar yadda mu ma muke cewa "an ba shi a abinci" ba tare da mun faɗi abin da aka ba shi ba. In aka daɗe ana sakayawa da kalma, sai ta ɗauki warin abin da take rufewa.

Toxicum kuwa baƙuwa ce a Latin, daga Girkanci aka aro ta. Toxon shi ne baka, na harbi. Girkawa suna cewa toxikon pharmakon, wato maganin baka, abin da ake shafa wa kibiya. Da tafiya ta yi tafiya sai aka yar da kalmar maganin aka riƙe ta bakan, har ya zama da yawa daga kalmomin kimiyya na zamani da suka shafi guba a harsunan Turai suna ɗauke da sunan makamin maharbi. Ita pharmakon ɗin da aka yar, ita ce ta haifi sunan ilimin haɗa magunguna da na kantin sayar da su. Ita ma fuska biyu gare ta, kamar magani a bakinmu.

Kuma fuska biyun nan ba a harshe kawai ta tsaya ba. Kwankwani, tsiron da maharban ƙasar Hausa suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa, danginsa ne John Kirk ya ci karo da shi a tafiyar kogin Zambezi da David Livingstone ya jagoranta daga 1858. Ya lura bugun zuciyarsa ya ragu bayan ya goge haƙora da burushin da ya taɓa dafin. Daga baya Thomas Fraser a Edinbara ya fitar da sinadarin da ke ciki, aka riƙa ba masu ciwon zuciya. Haka ma warfarin: a 1948 aka fito da shi kasuwa a Amurka a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane don hana daskarewar jini. Likita Paracelsus ya riga ya faɗa tun 1538 cewa kowane abu guba ne, gwargwado ne kaɗai ke raba guba da wanda ba guba ba.

Yanzu sai ta huɗun, wato virus, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. Rumawa ba "bairos" suke furta ta ba. Harafin "v" a Latin na dā sautin "w" yake da shi, wasalin kuma dogo ne, don haka wiirus suke cewa. Tana nufin ruwa mai yauƙi da ke fita daga jikin dabba ko tsiro, da ɗoyi mai hawa kai, da dafin maciji, da guba. Tushiya mafarin dawa: ita wannan kalma ta girmi Latin ɗin kansa. A Sanskirit, tsohon harshen Indiya, guba ita ce visha. A harshen Abesta na tsohuwar Farisa ma kusan haka take. A Girkanci ios ce, domin Girkawa sun zubar da sautin "w" na farkon kalma da "s" na tsakanin wasula, abin da suka yi wa kalmomi da yawa. Irin wannan daidaito mai bin ƙa'ida shi ya sa tun bayan jawabin William Jones a Kalkata a 1786 masana suka tabbatar cewa waɗannan harsuna kaka ɗaya gare su, harshen da aka yi magana da shi dubban shekaru da suka wuce ba a kuma taɓa rubuta shi ba. Reshen Indiya ya yi nisa da kalmar. A Bangali guba bish ce, kuma ta bi 'yan kasuwa da malaman addini har tsibiran Indunusiya, inda bisa ke nufin dafin maciji.

A nan akwai wurin yin hattara. Latin yana da wata kalma vir, wato namiji, mai gajeren wasali. Mutane da yawa sun zaci dangin virus ce. Ba haka ba ne, kama da wane ba ta wane. Ƙa'idar da ke tsare mai binciken asalin kalma ita ce kada kamannin sauti ya ruɗe shi sai ya ga canjin yana maimaituwa a kalmomi da yawa. Shi ya sa ba na sauraron masu ɗauko kalmar Hausa su manna ta da ta Latin don sun ji amo iri ɗaya. Hausa 'yar gidan harsunan Cadi ce, danginta na nesa su ne Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye da tsohon harshen Masar, ba Latin ba.

Wani abin lura shi ne, virus ba ta bar 'ya'ya a bakin talakawa kamar venenum ba. A littattafan likitoci ta kwanta, daga can aka tashe ta. Farkon bayyanarta a Ingilishi shi ne a 1398, cikin fassarar da John Trevisa ya yi wa wani kundin ilimi na Latin, kuma a wancan zamani ruwan miki mai wari ake nufi da ita. Daga mugunyar gyambo ta koma abin da ke cikin mugunyar wanda ke ɗaukar cuta daga wannan jiki zuwa wancan. Da wannan ma'ana Edward Jenner ya yi amfani da ita a 1798, lokacin da ya bayyana yadda ya ɗebi ruwan ƙurjin da masu tatsar nono ke ɗauka daga shanu ya tsaga wa yaro a hannu don kare shi daga agana. Sunan saniya a Latin, vacca, daga nan ya zama sunan rigakafi a harsunan Turai. Louis Pasteur ma, da ya yi wa wani yaro allurar ciwon haukan kare a 1885, virus yake kiran abin da yake yaƙa, alhali bai taɓa ganinsa ba. A bakinsu duka, kalmar tana nufin gubar ciwo, ko mece ce ita.

Ganyen taba ne ya raba gardama. Akwai wata cuta da ke sa ganyen ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, wadda ta addabi manoma a Holan da kudancin Rasha. A 1886 Adolf Mayer ya nuna cewa in aka matse ruwan ganye mai ciwo aka shafa wa lafiyayye, shi ma zai kamu. A lokacin an riga an san bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani waɗanda wasunsu ke kawo cuta, kuma a 1884 Charles Chamberland, abokin aikin Pasteur, ya ƙera mataci na tangaran wanda ƙofofinsa suka yi ƙanƙantar da bakteriya ba ta iya ratsawa. A 1892 Dmitri Ivanovsky ya tace ruwan ganyen taba da wannan mataci, ya shafa wa lafiyayyen tsiro, sai ga ciwo ya fito. Me zai ce? Shekaru huɗu kafin nan Roux da Yersin sun nuna cewa bakteriyar mashaƙo tana fitar da guba mai ratsa mataci. Sai Ivanovsky ya karkata ga cewa ko dai irin wannan guba ce, ko wata bakteriya ce 'yar mitsitsiya. Da zatonsa na farko ya tabbata, da kalmar virus ta zauna daram a kan ma'anarta ta asali.

Amma guba tana da hali guda da kowa ya sani: in ka sirka ta, ƙarfinta raguwa yake. Zuba cokali a randa, ɗebi cokali daga randar ka zuba a wata, kafin randa ta biyar babu abin da ya saura. A 1898 Friedrich Loeffler da Paul Frosch a Jamus suna binciken ciwon baki da kofato na shanu, suka ga abin da ya saɓa wa wannan. Su ɗebi tataccen ruwa kaɗan su sa wa dabba, ta kamu, su ɗeba daga jikinta su sa wa wata, ita ma ta kamu da ƙarfi iri ɗaya, haka har dabbobi da yawa. A shekarar ce kuma Martinus Beijerinck a garin Delft ya maimaita gwajin taba, ya gano cewa abin yana ƙaruwa ne kawai a sassan tsiron da ke girma, ba ya ƙaruwa a kwalba. Ya kira shi rayayyen ruwa mai yaɗa cuta, ya kuma riƙe masa sunan virus. Abin da ke hayayyafa ba guba ba ne. Daga wannan shekara kalmar ta fara rabuwa da ma'anar da ta ɗauko tun kafin a gina birnin Rum.

Beijerinck ya yi kuskure da ya ce ruwa ne. A 1935 Wendell Stanley a Amurka ya fitar da bairos ɗin taba a siffar ƙanƙara-ƙanƙara kamar gishiri, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1946, kuma a 1939 masana a Jamus suka gan shi da na'urar ƙara girma mai aiki da lantarki. Ɗan sanda ne siriri, tsawonsa nanomita 300, wato sai an jera fiye da 3,000 kai da kai kafin su cika milimita ɗaya. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya iya haihuwa da kansa. Saƙo ne naɗe a kwanso, wanda in ya shiga ƙwayar halitta sai ya karɓe ma'aikatarta ya sa ta ta riƙa buga irinsa. Ƙyanda da shan inna da shawara da zazzaɓin Lassa da ƙanjamau duk aikin irinsa ne.

Wannan sauyi ya haifar da wata 'yar rigima ta nahawu. A Latin virus sunan abu ne da ba a ƙirgawa, kamar zuma ko madara, don haka babu jam'inta a rubuce-rubucen Rumawa da suka iso mana. Tana kuma cikin 'yan tsirarun sunaye masu ƙarewa da -us waɗanda ba jinsin namiji ba ne, shi ya sa ƙa'idar da aka saba ba ta hau kanta. Da ta zama abin ƙirgawa sai aka buƙaci jam'i. Wasu suka ce viri, wanda a Latin "maza" yake nufi. Wasu masu harkar kwamfuta suka ƙirƙiro virii, wadda ba ta da gindi ko kaɗan. Kowane harshe ya warware matsalar da kayan gidansa: Ingilishi viruses, Jamusanci Viren, Larabci fairusat, Faransanci da Italiyanci suka bar ta yadda take. Wannan ita ce hanyar da ta dace a ganina. Kalmar da ta shigo gida, dokar gida take bi.

Abin da ya fi damuna yana gidanmu. Mun fassara abin da "ƙwayar cuta", kuma fassara ce mai kyau, ta ma fi ta Turawa dacewa da gaskiyar abin, tunda ƙwaya ce ba ruwa ba. Amma da wannan suna ɗaya muke kiran bakteriya, da shi muke kiran abin da sauro ke sa wa mutum na zazzaɓin cizon sauro. Na tsaya a wani kemis na unguwa wata rana da yamma, wata mata ta shigo da goyo, yaron yana ta atishawa, hanci na zuba. Ta ce, "Ɗan nan, ba ni kafso na kashe ƙwayar cuta, mura ce ta kama shi." Ya miƙo mata, ta biya, ta tafi. A ma'aunin harshe ba ta yi kuskure ba: an ce mata ƙwayar cuta ke kawo mura, an kuma ce mata wannan kafso yana kashe ƙwayar cuta. Amma mura aikin bairos ce, kafson kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Abin da zai yi shi ne ya koya wa bakteriyar da ke jikin yaron jure magani, ranar da za a buƙace shi da gaske ya ƙi ci. Gayus ya ce wanda ya ambaci venenum ya faɗi wacce yake nufi. Ina ganin masu fassara labarai da ma'aikatan lafiya su ma wajibi ne duk lokacin da suka ce ƙwayar cuta su faɗi wacce.

Kalmar ba ta tsaya a asibiti ba. A 1983 wani ɗalibi a jami'ar Kudancin Kalifoniya, Fred Cohen, ya gwada wata manhaja mai kwafar kanta ta liƙe a jikin wasu, malaminsa Leonard Adleman ya ba ta sunan virus. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan suka rubuta wadda aka kira Brain, ta bi faya-fayan ajiya ta zaga duniya. A wannan aron, ba a ɗauko kome daga ma'anar guba ba, yaɗuwa da kwafar kai aka duba. Daga nan ne kuma Turawa suka sami viral, siffar da suke yi wa hoto ko bidiyon da ya karaɗe intanet cikin dare ɗaya, har ya zama abin nema, mai talla yana addu'ar hajarsa ta yaɗu kamar annoba. A iya lurata, da yawa daga cikinmu a rumfar mai gyaran waya muka fara jin kalmar, ba a bakin likita ba: "Alhaji, wayar nan bairos ne ya shige ta, sai an wanke."

A 1968 wasu masana, cikinsu har da David Tyrrell da June Almeida, wadda ta ɗauki hoton abin, suka ba wani dangin bairos suna saboda tsinkayen da suka kewaye shi kamar hasken da ke zagaye rana. Suka ɗauko corona, wato kambin sarauta a Latin, suka haɗa da virus. Shekara 52 bayan haka sunan ya iso kowane gida a ƙasar Hausa ta rediyo, aka rufe kasuwanni da makarantu. Bakin Bahaushe ya ɗauki rabin farko ya ajiye na biyu. Korona muka ce, da ita aka yi sanarwa, da ita aka yi wa'azi, da ita ake ƙirga shekarun yaran da aka haifa a 2020.